Kifin Babba da Kifin Auta

Ni dai ban taɓa neman kifi a gidana ba sai wanda zan soya. Likita ne ya jawo mana. Ya auna jinin Malam, ya dubi injin, ya dube ni, don ya san ni ma shekara ashirin da takwas na yi ina aikin jinya, ya ce, "Sista, mijin nan naki yana buƙatar abin da zai zauna ya zuba wa ido hankalinsa ya kwanta. Ku samo masa kifin ado, irin na akwatin gilashi." Da na san abin da zai biyo baya, wallahi da cewa zan yi ya ƙara masa ƙwaya kawai.

Bari in gaya muku waye Malam, don ku fahimci sauran. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jami'in sulhu a wata masaƙa. In ma'aikata suka yi hannun riga da manajoji, shi ake kira. Dabararsa guda ce, kuma bai taɓa sauya ta ba: ɗaki ɗaya, tebur ɗaya, faranti ɗaya na biskit a tsakiya, a rufe ƙofa, ba mai fita sai an yi musafaha. Tun da ya yi ritaya ya rasa wanda zai sasanta. Ya kai ga maƙwabta in suna gardama kan wurin ajiye mota, da sun hango shi tafe sai su yi sauri su shirya da kansu.

Shagon kifin wani ɗan matsattsen wuri ne tsakanin mai gyaran waya da mai aski. Ko'ina gilashi, ko'ina ƙarar kumfa. Mai shagon siriri ne mai tabarau, hannun rigarsa a jiƙe har gwiwar hannu, kuma da ganinsa ka san ya fi son kifi a kan mutane. Malam ya zagaya, ya tsaya gaban wasu masu launi kamar an zuba musu fenti, ya ce waɗannan yake so.

"Sikilid ke nan, Baba," in ji Mai Kifi. "Dangin karfasa ne, sai dai su ba a ci. Suna da wayo, suna gane mai ba su abinci. Amma fa ba su da wasa kan muhalli. Ka taɓa kiwon kifi?"

"Na taɓa kiwon mutane," in ji Malam.

"To kai sabon hannu ne."

Na so yaron nan tun daga nan. Ya zaunar da mu ya yi mana tambayoyi kamar za mu karɓi maraya. Tsawon bangon falo nawa? Rana na shigowa ta taga? Akwai jikoki masu jefa burodi a ruwa? Sannan ya yanke hukunci. Akwati mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai, da injin tace ruwa, da hita mai ɗumama shi, da yashi, da ciyawar roba, da duwatsu masu ramuka don kowane kifi ya sami ɗakinsa. Ruwan ya yi sati uku yana zagayawa ba kifi. Bayan nan ya ba mu wasu rawaya guda shida, iri ɗaya, waɗanda ya ce su ne masu sauƙin kai a dangin.

"Abu ɗaya zan roƙe ka, Baba," ya ce. "Kada ka ƙara ko ɗaya sai ka tambaye ni. Sunansu ɗaya amma ba duka ke zama tare ba. Wasu daga manyan tafkunan Afirka suke, ruwansu mai ɗan zartsi. Wasu daga kogunan Kudancin Amurka, ruwansu daban. Wani bai kai yatsa ba amma faɗa ne sana'arsa. Wani kuma ba ya faɗa, sai dai duk abin da ya shiga bakinsa ya zama abinci."

Malam ya yi murmushin nan nasa na wanda ya ga jiya ya ga yau, ya ce, "Ɗana, babu wanda ba ya zama da wani. Rashin mai sasantawa ne."

Sati ukun nan da akwatin ya yi ba kifi, su ne mafi lafiya a rayuwar aurenmu. Malam ya ja kujera ya zauna yana kallon ruwa zalla, kumfa na tashi, jininsa ya sauka har na ɗauka injina ne ya lalace. Da rawayan suka zo ma lafiya lau. Kowa ya zaɓi raminsa, suna fita suna shiga kamar ma'aikata masu mutunci. Wata guda cur muka yi a haka, sai Malam ya ɗauke su hoto ya tura wa yara.

To a nan ne gizo ke saƙar. 'Ya'yanmu uku. Babba mataimakin shugaban makarantar sakandare ne, mutum mai jiki, mai kwat, mai magana ɗaiɗai, wanda in ya yi fushi ba ya faɗa, sai dai ya yi shiru har ka ji gidan ya yi maka nauyi. Auta mai ɗaukar hoto ne, yana yawo a babur, bakinsa ba ya hutawa ko yana cin abinci. A tsakaninsu akwai 'yar'uwarsu, muna ce mata Rediyo, kuma ba ni na raɗa mata ba.

Shekara biyu da suka wuce, a taron ba da kyaututtuka na makarantar Babba, aka ɗauki Auta aikin hoto. Babba yana kan babban tebur, jawabi ya yi tsawo, barci ya sace shi, baki buɗe har ana ganin haƙorin da aka cike masa. Auta ya ƙyasta, ya saka a guruf ɗin iyali na waya, ya rubuta a ƙasa, "Shugabanci nagari." Babba, da yake shi ke riƙe da guruf ɗin, ya cire shi. Auta ya buɗe sabon guruf ya saka kowa ban da Babba. Shi ke nan fa. Wannan ne duka laifin. Tun daga ranar ba su ƙara yi wa juna magana ba. Ni kuwa ko rasuwa aka yi sai na rubuta ta'aziyya sau biyu. Babba yana zuwa gaishe mu ranar Asabar, Auta ranar Lahadi, kuma ba wanda ya taɓa kuskuren rana.

Asabar ɗin da ta biyo bayan hoton kifin da Malam ya tura, sai ga Babba da leda cike da ruwa, ya riƙo ta hannu biyu kamar jariri. A ciki wani baƙin kifi ne mai ɗigon ja, faɗinsa ya kai tafin hannuna, fuskarsa kamar wanda aka tasa daga barci a kan abin banza.

"Baba, na ga kana da ƙanana. Na ce a ce akwai babba a cikinsu. Oska sunansa. Shi ma sikilid ne, na tambaya."

Na buɗe baki na ce, "Ai Mai Kifi ya ce..." Malam ya watso mini wani kallo, na haɗiye sauran. Rabon da Babba ya kawo wa ubansa wani abu da ba maganin ciwon gwiwa ba, na manta. Da hannunsa Malam ya juye kifin a akwati, ya tsaya yana kallonsa yana gyaɗa kai.

Kafin motar Babba ta fita layinmu Rediyo ta kai wa Auta labari. Lahadi da hantsi sai ga Auta, shi ma da tasa ledar a rataye a kan babur. Wani ɗan firit ne, shuɗi mai baƙaƙen zane, bai kai ɗan yatsana ba.

"Baba, wannan ba ƙiba gare shi ba, zuciya gare shi. Na ji an kawo maka buhu, na ce bari in kawo maka kifi."

Malam ya karɓa yana dariya har da tafi. Ni kuwa na koma kicin na ce wa tukunya, mun shiga uku.

Litinin da safe ɗan shuɗin nan ya ƙwace dutse mafi girma, ya kori mai shi, ya kori maƙwabcinsa, sannan ya shiga sintiri. Duk wanda ya gifta sai ya ci cizo. Shi kuma Oska ya kama aikin gini. Ya kwashi yashi da baki ya tara a kusurwa, ya tumɓuke ciyawar roba, ya tunkuɗe hita har ta karkace. Laraba muka wayi gari rawaya biyar. Malam ya ƙirga sau uku, ya sa tabarau ya sake.

"Ƙila ya shige rami," ya ce.

"Ya shige rami kam," na ce. "Ga ramin can yana iyo yana gyatsa."

Bai yi dariya ba. Ya shiga ɗaki ya fito da fayil, irin mai igiyar nan da ya taho da su daga masaƙa, ya rubuta kwanan wata a kai, ya ja kujera har gwiwarsa na taɓa gilashi. Ya ƙwanƙwasa da biro sau uku.

"Ɓangare na ɗaya," ya ce wa Oska. "Ɓangare na biyu," ya ce wa ɗan shuɗin. "An kawo mini ƙorafi."

Jama'a, mutumin nan da furfurarsa, uban mataimakin shugaban makaranta, haka ya zauna minti arba'in yana yi wa kifi bayanin haƙƙin zama tare. Oska ya tsaya gaban gilashi yana buɗe baki yana rufewa, Malam ya ce yana ba da bahasi ne, kada in katse shi. Ɗan shuɗin kuwa ya zagayo ta baya ya gartsa wa mai ba da bahasi cizo a wutsiya. Malam ya rubuta.

Daga nan aka shiga matakin faranti ɗaya. Ya yanko bakin wata roba ya yi zobe mai yawo a saman ruwa, ya ce daga yau abinci a cikin zoben nan kawai za a zuba, kowa ya zo ya ci tare da ɗan'uwansa. Oska ya zo ya buɗe baki sau ɗaya ya shanye zoben tas, har ya so ya haɗa da robar. Ɗan shuɗin bai ma kalli abincin ba, shi damar da ya samu ita ce abokin gaba ya juya baya. Rawayan suna leƙe daga ramuka, ba wanda ya fito. Da yamma na leƙa fayil na ga an rubuta, "An samu ci gaba. Yau cizo huɗu, jiya bakwai."

Ranar da na kama shi ya kwashe duwatsun kaf, ya kamo su biyun ya zuba a bokitin wankina ya rufe da tire, wai ɗakin sulhu, ya zauna a kai yana duba agogo, ranar ce na ce abin ya isa. Na mayar da su, na ɗaura masa injin awo. Jinin nan ya haye inda bai taɓa zuwa ba ko lokacin yajin aiki. Kifin da aka kawo don ya kwantar da hankali!

Washegari na ce zan je kasuwa, na ɗauki bidiyon akwatin a waya na nufi shagon. Mai Kifi ya kalla, ya cire tabarau ya goge, ya mayar ya sake kallo.

"Innalillahi. Mama, wa ya yi wannan aika-aika?"

"'Ya'yana."

"Suna da wata jiƙaƙƙa da Baba ne?"

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Oska jariri ne tukuna, zai kai tsawon damtsena, kuma akwati yake so nasa shi kaɗai. Ɗan shuɗin kuma sai cikin 'yan'uwansa goma sha wani abu yake zaman lafiya, don a nan faɗan ke rarrabuwa ba ya sauka kan mutum ɗaya. Ruwan da ɗaya ke so ma ba shi ɗayan ke so ba.

"Ba wanda ya yi laifi a cikinsu," ya ce. "Kowa halinsa yake yi. Ku fitar da su duka biyun ku kawo mini, zan sama musu gida. Amma ki sani, ɗan ƙaramin nan ba ya kamuwa da raga ɗaya a cikin duwatsu. Sai biyu, ɗaya na kora ɗaya na tare." Ya ara mini ragogi biyu masu mariƙi.

Na dawo da ƙarfina. Na sami Malam a gaban akwati, na zazzage masa duk abin da aka ce, har da ƙari. Na ce ai ga shi masani ya faɗa, ba sulhu ake nema ba, rabuwa ake nema. Na jira ya yi gardama kamar kullum. Sai ya rufe fayil ɗin a hankali ya ɗora hannu a kai.

"Wanne zan cire, Sista?"

"Duka."

"Kin lura da abin da yaran nan ke fara yi in sun shigo? Kafin ma su gaishe ni, akwatin suke kallo. Kowa nasa yake nema, ya ga ko yana nan. In na cire na Babba, na zaɓi Auta. In na cire na Auta, na zaɓi Babba. In na cire duka, na kore su duka." Ya dubi akwatin. "Ma'aikata dubu biyu na sasanta da mutanen da ba su san sunansu ba. 'Ya'yana biyu da suka kwana a katifa ɗaya shekara goma sha biyar sun gagare ni. Akwatin nan shi kaɗai ne wurin da abin Babba da abin Auta suke tare a gidan nan. Ki bar mini shi."

Na yi niyyar in yi tsaki, tsakin ya ƙi fitowa. Tausayinsa ya kama ni, har na ji kunyar irin dariyar da nake masa a kicin. Na ɓoye ragogin a bayan firji.

Har taimaka masa na yi. Na ciro gilashin kantar firji muka raba akwatin biyu da shi, kowa da ɓangarensa. Minti goma ba a yi ba ɗan shuɗin ya gano tazarar da ke gefe, ya riƙa ratsawa ya yi cizo ya dawo gida. Da Oska ya gaji sai ya ja da baya ya tunkuyi gilashin, ya faɗi a kan duwatsu. Tumatir ɗina kuma ya rasa wurin zama.

Asabar Babba ya zo, ya ga wutsiyar kifinsa ta fara yagewa, ya ce, "Baba, akwai mara tarbiyya a akwatin nan." Lahadi Auta ya zo, ya ga rawaya sun zama huɗu, ya ce, "Baba, akwai mai haɗama a akwatin nan, kuma na san inda ya gado." Malam ya ce wa kowannensu ana kan tattaunawa.

Alhamis da safe muka tarar da Oska kwance ta gefe a kan yashi. Launinsa ya koɗe, wutsiyarsa ta zama tsumma, ido ɗaya na kallon sama. Bai mutu ba, yana numfashi, amma ya daina kula kowa. Malam ya durƙusa a gaban gilashi yana kiran "ɓangare na ɗaya" da wata murya da ban so ba. Shayinsa ya huce bai taɓa ba. Na auna shi, na ga lambar da in a asibiti ne da tuni na ba shi gado. Nan fa raina ya ɓaci. Ba zan zauna in rasa miji saboda hoton wani da baki buɗe ba.

Na ɗauki waya na rubuta saƙo ɗaya, na tura guruf na farko, na tura na biyu: "Kowa ya zo ya kwashe kifinsa yau ƙarfe huɗu. In biyar ta yi suna nan, zan soya su, kuma zan ɗauki hoto."

Malam yana cikin guruf biyun, don haka wayarsa ta yi ƙara sau biyu. Ya karanta, ya ɗago ya dube ni.

"Kin ɓata komai, Sista. Za su kwashe su tafi, ba za su ƙara zuwa ba."

"To su bari."

Ya tashi ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Na san halin 'ya'yana. Abin da ya faɗa zai iya faruwa.

Ƙarfe huɗu saura biyar motar Babba ta tsaya. Huɗu da biyar babur ɗin Auta ya shigo tsakar gida da ƙararsa. Suka haɗu a ƙofar falo, kowa ya ga wani abu mai ban sha'awa a bango. Babba ya gaishe ni, Auta ya gaishe ni, suka tambayi Baba, na ce yana kwance, kuma su suka kwantar da shi. Na miƙa wa kowa bokiti da raga.

"Mama," in ji Babba, "ki gaya wa wasu mutane su matsa, zan fara."

"Mama," in ji Auta, "ki gaya wa wasu mutane falon ba nasu ba ne."

Babba ya cire kwat, ya naɗe hannun riga, ya zura raga a hankali wajen majinyacinsa. Ashe gawar nan da sauran ƙarfinta. Raga na taɓa shi ya zabura ya bugi ruwa da abin da ya rage na wutsiya, ya wanke Babba tun daga tabarau har ɗamara. Auta ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Da ƙyar aka kai Oska bokiti, ya zauna a ciki yana harara.

Sai aka zo kan ɗan shuɗin. Auta ya zura raga, ya shige rami. Ya zagaya, ya ɓullo ta wani ramin. Ya kai dama, yana hagu. Minti ashirin ana abu ɗaya, gumi ya jiƙa Auta, kifin kuwa har tsayawa yake ya ciji ragar. Babba na tsaye da tasa ragar tana ɗiga, yana kallo, leɓensa na motsi. Na san ciwon da ke cinsa. Malamin makaranta ne, ba ya iya ganin ana abu ba daidai ba ya yi shiru.

"Mama, ki gaya masa ta bayan dutsen zai bi."

"Mama, ki gaya masa ban tambaye shi ba."

"Ni ba 'yar aikenku ba ce," na ce. "Biyar saura kwata. Mai yana kan wuta."

Na fita na ja musu ƙofa. A lungun da ke tsakanin falo da ɗakin kwana na yi karo da mutum. Malam ne, ba takalmi, ya manna kunne a bango. Ya sa yatsa a baki.

Da farko shiru, sai ƙarar ruwa. Can sai muryar Babba, a sama, irin wadda yake yi wa ɗalibai.

"Hagu! Hagu na ce! Kai ko hagu ba ka sani ba?"

"Hagunka ko haguna?"

"Hagun kifin, sakarai!"

"To ka tare mana, ka tsaya kamar tulu! Saka ragar ƙasa! Ƙasa, Yaya, ƙasa!"

"Kada ka koya mini aiki. Ni na koya maka ɗaura igiyar takalmi."

"Kuma har yau kwancewa take!"

Sai wani rugugum, dutse ya faɗi, sai fashaa, ruwa ya zuba. Na ga ya fara malalowa ta ƙasan ƙofa. Kafet ɗina! Na yunƙura zan shiga, Malam ya cafke wuyan hannuna.

"Bar su."

"Malam, kafet..."

"Bar su, Sista."

Na dube shi. Hawaye ne ke bin gemunsa, bakinsa kuma na murmushi. A ciki Auta na cewa wani mai ƙiba ya taka masa ƙafa, Babba na cewa da ya sani da tun yana jariri ya bar shi a tashar mota.

"Shekara biyu," in ji Malam a hankali, "ban ji muryarsu a ɗaki ɗaya ba."

Na tsaya, ruwa na ratsa silifas ɗina, ni ma idona ya cika. Muna nan sai muka ji ihu baki biyu: "Ya shiga! Ya shiga! Ɗaga! Kada ka sake shi!"

Muka shiga muka same su jiƙe sharkaf, duwatsu a kan kujeruna, rawaya huɗu sun taru a kusurwa ɗaya suna kallon ikon Allah. Da suka ga ubansu sai kowa ya tuna yana fushi. Suka gaishe shi ɗaya bayan ɗaya, suka koma kallon bango.

Na ce Mai Kifi na rufe shago ƙarfe shida, kuma kifi ba ya daɗewa a bokiti. Daga nan na ja bakina na tsuke. Aka fito tsakar gida. Auta ya dubi babur ɗinsa, ya dubi bokiti cike da ruwa. Babba ya dubi motarsa, ya dubi nasa bokitin, wanda Oska ke ta bugawa yana fantsamo ruwa. Ba mai tuƙi ya riƙe bokiti, ko yaro ya san wannan. Suka yi tsaye kamar an dasa su.

Babba ya buɗe ƙofar baya, ya ɗaga kai yana kallon sama, ya ce, "In ka jiƙa mini kujera, kai za ka wanke."

Auta ya shiga, bokiti ɗaya a cinya, ɗaya tsakanin ƙafafu. Motar ta tashi a hankali kamar an ɗauko ƙwai. Ba su kai ƙarshen layi ba muka jiyo ta taga, "Rami! Ba ka ga rami ba? Wa ya ba ka lasisi?"

Malam ya tsaya a bakin get har suka sha kwana. Ya daɗe a tsaye bayan sun ɓace. Sannan ya juyo ya ga babur ɗin Auta a tsakar gida, makulli na jiki. Ya je ya zare makullin ya jefa a aljihu.

"Malam, makullin yaron fa?"

"Wane makulli?" ya ce. "Dole Babba ya dawo da shi ya ɗauki babur. In sun zo za mu nema, mu duka, a hankali. Ki ɗora shinkafa ta mutum huɗu."

Na shiga kicin da jiƙaƙƙen silifas ɗina, na sauke man da ke wuta, na ɗauko babbar tukunya.